Wa ya taɓa ba da aikin waƙar yara aka dawo masa da salon wani?

Maman Hanan, Jidda:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Mun ba wani mai haɗa kiɗa aikin waƙar buɗe ɗan shirin yara na Hausa da muke ɗauka. Da ya kunna min, wallahi sai na gan ni a ɗakin mahaifiyata muna kallon Spacetoon, tashar katun ɗin yara ta Larabci da aka buɗe a 2000. Fiyano a hankali, muryar yarinya ita kaɗai, can sai amshi ya taso gaba ɗaya. Salon Tariƙ Al'arabi Turgan ne tsaf, mai haɗa waƙoƙin tashar. Daɗi kam akwai, amma Hausar ta ƙi zama a kai. Akwai baitin da muka ambaci itacen kuka, kiɗan ya ɗaga ƙarshen kalmar, ta koma kukan hawaye. 'Yata ce ma ta tambaye ni wa aka doka. Wa ya taɓa cin karo da irin wannan?

Abu Yasir, Makka:
Wa'alaikumus salam Hajiya. Sana'ata ce, don haka bari in faɗi namu ɓangaren. Da kunne muka koya, kuma abin da kunne ya sha tun yarinta shi hannu ke tafiya gare shi. Turgan ɗin a cibiyar Zuhra ta Dimashƙa, mai juya katun zuwa Larabci, ya yi aikinsa, ya auna kiɗansa da tsayin gaɓoɓin Larabcin fusha, wato daidaitaccen Larabci. Mu kuwa rigar muke ɗaukowa ba mu auna mai sa ta ba. Sannan masu ba da aikin ma da nasu. Yawanci cewa ake, "Yi min irin na Ɗuyurul Janna." Tun da wannan tashar waƙoƙin yara ta fito daga Jodan a 2008 kowa gajeren amshi mai maimaituwa yake so, da tafi, a kuma yi kala biyu, mai kiɗa da marar kiɗa. Na taɓa kawo sabon abu, aka ce bai yi kama da waƙar yara ba.

Goggo Asabe, Madina:
Ɗana Abu Yasir, gaskiyarka. Ni a Maiwurno na tashi, kusa da Sinnar, shirin yara Jannatul Aɗfal na talabijin ɗin Sudan muka kalla. Waƙar shirin ba ta taɓa yi mana baƙunta ba, don kiɗan Sudan a kan sauti biyar yake tafiya, kusa da namu. Bara da jikokina za su yi haflar makaranta, na rera wa mai kiɗan wata waƙar gaɗa da muke yi a dandali, na ce ya bi muryata, kada ya ja ni zuwa tasa. Sau uku yana komawa salon tashoshi ina dawo da shi.

Maman Hanan:
Goggo, don Allah ki turo min muryar gaɗar nan. Gobe in sha Allahu zan koma wurinsa, yara su fara rerawa tukuna kafin ya taɓa fiyano.