Shawarwarin da aka bayar kan sayar da tsofaffin kwanson tawadar firinta

An yi wannan hira ne a wani shagon gyaran kwamfuta da ke Titin Beirut a Kano, bayan wani matashi ya ce zai riƙa sayen kwanson tawada da aka yi amfani da shi yana tallatawa a shafin saye da sayarwa na Jiji da kuma Facebook.

Masu gyara sun fi nanata abu ɗaya: kwanson asali na HP ko Canon da ba a taɓa yi wa ɗuri ba ya fi daraja. Irin su HP 61 da 63 bakin buga rubutun a jikinsu yake, in ya bushe kuwa shi ke nan. Ga zafin Kano, ga ƙurar hunturu. Don haka a ɗaure kowanne a leda, a ajiye a inuwa, kada a taɓa jan ƙarfen da ke jikinsa.

Wani dattijo ya ce, "Ɗana, nemi na garin tawada irin 85A a ofisoshi da shagunan hoton takardu na wajen BUK, ba ya bushewa." Ni ma nan na karkata, tunda firintoci masu tanki, waɗanda ake zuba wa tawada kai tsaye ba sai da kwanso ba, suna cinye kasuwar ƙananan irin su HP 61 da 63.

A talla kuma, a ɗauki hoton lambar da ke jikin kwanson, a faɗi gaskiya in an taɓa ɗura shi.