Abin da aka tattara kan ziyarar birnin Chicago

Jama'a, maganar abin da mai ziyarar Chicago zai gani ta yi tsawo, ga abin da na tsinta daga bakin waɗanda suka san garin.

1. Kusan kowa ya ce a fara da hawa jirgin ruwa a Kogin Chicago, daga nan ake ganin dogayen benaye sosai. Kogin kansa abin kallo ne: a 1900 injiniyoyi suka gama haƙa magudana suka juya akalarsa, don ƙazantar gari ta daina kwarara cikin Tafkin Michigan, inda ake ɗibar ruwan sha. Ni dai wannan aikin ya fi burge ni.

2. An rabu kan benen da za a hau. Wasu sun ce Willis Tower mai hawa 110, wanda tsofaffin mazauna ke kira Sears har gobe. Wasu sun fi son benen da a da ake kira John Hancock, wai tafkin ya fi fitowa daga can, layi kuma bai kai ba.

3. Tsohuwar hasumiyar ruwa ta 1869 tana cikin 'yan gine-ginen da suka tsira daga gobarar 1871. Leƙawa kawai ta isa.

4. A hau jirgin ƙasa na sama, "L", a bar hayar mota.

5. Gidan Barack Obama yana unguwar Kenwood, amma ba a shiga. Masu son tarihin baƙar fata su nufi gidan tarihi na DuSable. Masoya Michael Jordan kuwa, mutum-mutuminsa yana United Center, zauren wasan ƙwallon kwando.

6. Abincin halal: titin Devon.

Kan lokacin zuwa babu saɓani: a guji Janairu, sanyinta ba wasa ba ne.