Kwamfutata ta ƙi sabuntawa, ta kuma ƙi shiga yanayin gyara

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masana kwamfuta ku kawo mini ɗauki, yau kwana huɗu abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa.

Laftop ce tokunbo mai Windows 10, da ita nake buga wa ɗalibai furojet. Duk sanda na danna sabuntawa sai ta sauke, ta fara sakawa, can sai ta cije da lambar kuskure 0x80070643. Datar da na ƙona kuwa, ba a magana.

Na ce bari in shiga yanayin gyara, wato wurin da Windows ke gyara kanta idan ta samu matsala. Na riƙe Shift na danna Restart, shuɗin allon ya fito amma babu zaɓin gyaran farawa. Na kashe ta da ƙarfi sau uku tana cikin tashi, ko a jikinta. Da na rubuta umarnin reagentc /info don duba yanayin gyaran sai ta nuna Disabled, wato a kashe yake, na gwada reagentc /enable don in kunna shi ta ce ba ta ga fayil ɗin gyaran ba. Ina zargin tun bara ne da wani mai gyara ya canja mini hard disk, wato ma'ajiyar fayiloli, zuwa SSD, ma'ajiya mai sauri, wataƙila bai kwaso duka ba.

An ce ɓangaren ma'ajiyar da aka ware wa yanayin gyara yana buƙatar sararin 250 MB, wai sai na faɗaɗa shi. Gaskiya ina tsoron taɓawa, aikin mutum tara ne a ciki kuma rabi kawai na kwafe.

Akwai yadda zan dawo da fayil ɗin daga filashi mai 8 GB ba tare da na goge komai ba? Wanne zan fara yi? Na gode.