Batirin injin zuƙar ƙura na goyo: a mai da shi na cirewa ko a sayi wani?

Mai sharar tapi:

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Don Allah masu ilimin batir ku taimaka min da shawara. Ni da yara biyu muke aikin share tapi na masallatai da wasu biro nan cikin Maradi, mafi yawa wajen Ali Dan Sofo da Zariya, kuma bara na samu injin zuƙar ƙura irin wanda ake goyawa a baya kamar jakar ƴan lakwal, marar igiya, na hannu ne wani ya kawo min daga Kano. Wallahi ya sauƙaƙa muna aiki don da can igiya ce ke wahal da mu, ka ja ta nan ta maƙale can, ga sahu-sahu ga ginshiƙai, in kuma anka ɗauke wuta sai mu koma ga tsintsiya.

Matsalar ita ce batirin a cikin jikin injin yake, an rufe shi da sukurori, ba ya fita. Da farko yana kai mu kusan rabin awa, yanzu minti 10 zuwa 12 sai ya mutu, sai mu zauna jiran caji awa uku, daren Alhamis kuwa masallaci biyu muke da su kafin Juma'a. A jikinshi an rubuta 36V da 5Ah. Tambayata, za a iya fiddo batirin a yi mishi akwati na cirewa, in yi guda biyu ko uku ina canzawa? Ko ko in haƙura in tara kuɗɗi in sayi wanda anka yi shi da batir na cirewa tun daga kamfani? Na gode.

Mai gyaran sola, Sabon Gari:

Wa alaikumus salam malam. Ana iya yi, na taɓa yin irinshi ma wani mai keken lantarki, amma bari in hwaɗa maka abin da ke ciki tukuna don ka san abin da za ka shiga.

Wanga 36V da ka gani, ƙwayoyin litiyom ne guda 10 jere da juna, kowace bolt 3.6, in sun cika kowace tana kai 4.2, shi ya sa cajarka in ka duba bayanta za ka ga 42V. Kuma tunda 5Ah ne (yawan wutar da batirin ke ajewa ke nan) galibi layi biyu ne na ƙwayoyi masu 2500mAh, 2.5Ah kowace, watau 20 ke nan gaba ɗaya, irin waɗanda ake ce ma 18650 (faɗi milimita 18, tsawo 65, sunan ke nan). Lissafin mai sauƙi ne, 36 sau 5 ya ba ka wat-awa 180, in moter ɗinka na cin wat 300 to minti 36 a takarda, a aiki kuwa rabin awa, daidai da abin da ka ce yana yi da farko. Yanzu da ya koma minti 10 ba lalle duka ƙwayoyin sunka mutu ba, sau da yawa rukuni ɗaya ne cikin goman (kowane rukuni ƙwaya biyu) ya yi rauni, shi ke fara sauka ƙasa, sai allon tsaro da ke ciki wanda muke ce ma BMS ya yanke wutar gaba ɗaya don kada ya lalace, sauran tara ɗin kuma da sauran ƙarfinsu. Ka kawo a sa mita a auna kowane rukuni, minti biyar ne.

To inda aikin yake ba wajen ƙwayoyin ba ne, wajen haɗin ne. Mutane na ganin batir na cirewa akwati ne kawai da waya biyu, a'a. Wanga inji na jan amfiya 8 ko fiye duk lokacin da yake aiki, kuma yana bisa bayan mutum da ke duƙawa yana tashi yana juyi, ga girgizar moter. In haƙoran haɗin ba su kama gam ba, duk motsi sai su ɗan saki, tartsatsi ya tashi, wurin ya yi baƙi, baƙin ya ƙara zafi, zafin ya narka roba. Na ga wanda anka haɗa mishi da irin kan cajar kwamfuta, sati biyu bai yi ba ya narke. In za a yi da hannu ni kan haɗin da ake ce ma XT60 nake sa ma mutane, mai launin rawaya ɗin nan, yana ɗaukar wuta sosai kuma ba ya shiga a juye. Sannan fiyus a cikin akwatin kanshi kusa da ƙwayoyin, ba a jikin inji ba, don ranar da yaro zai jefa batirin cikin buhu tare da makullai da ƙusa.

Kuma gefen batir ya zama shi ne mai ramuka, gefen inji mai haƙora. Kada a yi akasin haka, in ba haka ba ƙarfen da ke da wuta yana waje tsirara.

BMS kuma kowane akwati da nashi, ba a raba ɗaya ma batir uku.

Mai sharar tapi:

Allah shi saka da alheri maigida, na fahimta sosai. To ƙwayoyin fa? Na ga wasu a Babbar Kasuwa an rubuta 9900mAh a jikinsu kuma ba tsada, in anka sa waɗannan ba zai kai ni awa biyu ba?

Mai gyaran sola, Sabon Gari:

Hhhh malam rufa ma kanka asiri. Babu 18650 mai 9900 a duniya, na gaskiya iyakarsu wajen 3500, kuma ma masu 3500 ɗin ba su son a ja su da ƙarfi. Ka ɗauki ɗaya a hannu, ta gaskiya tana kai giram 45 haka, waɗancan za ka ji su shakwaf kamar ba komi ciki. Na tocila ne. Abin da ya dace da inji irin naka su Samsung 25R ko 30Q, ko LG HG2, waɗanda anka yi don jan wuta mai yawa, su ma ana buga na jabu don haka wurin wanda ka yarda da shi za ka saya. Kuma kada ka yarda a cakuɗa maka sabbi da tsofaffin da anka ciro daga batirin kwamfuta, kuma kada a liƙa su da dalma kai tsaye, zafin ƙarfen liƙi na cutar da ƙwaya, da injin ɗigon walda ake haɗa su da ɓallin nikel.

Hajiyar otel:

Sallama gare ku. Ni ban san lissafin bolt ba amma ni ke kula da masu shara a wurin aikinmu shekara da shekaru, kuma ɗana ina ba ka shawara ka yi tunani kan wanda zai goya abin, ba kan batirin kawai ba. Mu akwai lokacin da anka yi muna dabara irin wagga, mai gyaran ya ga wuri ya yi kaɗan sai ya ɗaura akwatin batirin a sama wajen kafaɗa ta waje, kilo ɗaya da ɗan wani abu ne kawai amma yarinyar da ke aiki da shi kullum sai ta ce wuyanta da kafaɗunta, don nauyin yana janta baya, in ta duƙa ƙarƙashin gado kuma ya rinjaye ta gaba. Da anka sauko da shi ƙasa wajen ƙugu inda ɗamarar take, kusa da jiki, shi ke nan magana ta ƙare. Ka lura da na kamfani, yawancinsu ƙasa suke sa batir.

Na biyu, a yi shi yadda za a cire da hannu ɗaya, kuma in ya shiga ka ji ya ce ƙas. In sai an sauke inji an kwance igiya an nemo sukundireba, wallahi yara ba za su canza ba, za su bari ya mutu su zauna. Namu na farko da roba irin ta tayar babur anka ɗaure shi, rannan ya suɓuce bisa matakala ya faɗo, Allah ya kiyaye bai kama wuta ba amma gefenshi ya lotsa, mai gyaran ya ce kada a sake caja shi, a nan kuɗɗin sunka tafi.

Sai ƙura. Kai da kanka ka san hunturu a garin nan, daga Disamba zuwa Fabrairu ko ka rufe ɗaki ƙura sai ta shiga, balle injin da aikinshi ke nan. Ramin da batir ke shiga ya kalli ƙasa ko gefe, kada ya kalli sama ya zama kwanon tara ƙasa. Mu duk sati da busasshen buroshi muke goge haƙoran.

Ɗan Tibiri:

Ni dai da ni ne ba zan ƙera komi ba. Akwai hanya ta uku da ba wanda ya ambata. Kamfanin Makita suna da injin goyo da ke aiki da batir biyu na 18V, irin batirin da ke jikin injin huda da na yankan katako nasu, biyun in sun haɗu su ba da 36. Milwaukee ma suna da nasu na goyo mai batir ɗaya na 18V. Amfanin shi ne batirin ba na inji ɗaya ba ne, in ya mutu ka samu wani wurin masu kayan kafintoci a Kano ko Yamai, cajarshi daban take, makullinshi kamfani ya gwada shi, kuma akwai ƴan fitilu a jiki da ke nuna maka saura nawa. Su Kärcher da Nilfisk da Numatic su ma suna da na goyo masu 36V na cirewa, amma batirinsu samunshi nan sai an yi oda.

Har ma ana sayar da mazaunin batirin kawai, wanda za a ɗaura a jikin tsohon injinka a jera biyu, ka ga ka huta da ƙera akwati.

Kuma duniya ma can ta nufa, Tarayyar Turai ta yi doka a 2023 cewa daga Fabrairun 2027 kayan da ake sayarwa can masu ƙaramin batir dole mai kaya ya iya cire batirin ya canza da kanshi, in ban da wasu ƴan kaya da anka ware. Irin naka mai rufaffen ciki zai yi ta raguwa.

Mai gyaran sola, Sabon Gari:

Ɗan Tibiri maganarka gaskiya ce wajen sayen sabo, amma wancan mazaunin da ka ce a ɗaura, a yi hattara. Batirin kayan aiki da yawa ba su yanke wuta da kansu in sun yi ƙasa, injin ne ke magana da batirin ta wani ƙaramin haƙori na uku ya tsaya. In ka ɗaura shi bisa injin da bai san wannan maganar ba zai tsotse shi har ƙasa da bolt 2.5 kowace ƙwaya, ka kai caja ta ƙi karɓa, batir mai tsada ya tafi a banza. In za a yi sai an ƙara ɗan allo mai yankewa wajen bolt 30. Kuma biyun su zama girma ɗaya, caji ɗaya, kada a haɗa cikakke da rabi.

Wani abin da na manta, kuma shi ya fi kashe batir a garin nan, zafi. Litiyom ba a son a caja shi in ya wuce digiri 45, mu kuwa watan Afrilu da Mayu inuwa ma tana wuce 40, to ka ɗauki batirin da ya gama aiki yanzu da zafinshi, a cikin jikin inji kusa da moter, ka cusa mishi caja nan take cikin shago mai rufin kwano. Ina kyautata zaton abin da ya ci naka ke nan malam. Nan ne na cirewa ya fi, ka fiddo shi ka aje a inuwa bisa siminti rabin awa ya huce, kana aiki da ɗayan, sannan ka sa caji. Shi ya sa ni na fi son matsakaita biyu ko uku bisa ga ƙato ɗaya. In akwatin hannu za a yi a sa BMS mai ƴar wayar jin zafi, a manna ta tsakiyar ƙwayoyin. Kada a bar shi cikin but ɗin mota ko ƙarƙashin sirdin babur da rana, kada a caja bisa tapi ko katifa, kuma in za ka aje shi ya daɗe ka bar shi wajen rabi, ba cike ba.

In sola gare ka ma ya fi, ka caja su da hantsi kafin rana ta take, ka tafi aikin dare da su.

Ɗan Tibiri:

To na karɓa, ban san da zancen haƙori na ukun ba. Abu ɗaya zan ƙara, in wani za ka sa ya taho maka da batir ta jirgi, ba a sa shi cikin kayan da ake aunawa, a hannu ake riƙewa, kuma har wat-awa 100 ne ba matsala, daga 100 zuwa 160 sai kamfanin jirgi ya yarda, sama da haka ba a ɗauka. Na 18V 5Ah 90 ne, yana wucewa. Irin naka mai 180 a dunƙule ba zai hau ba, sai ta mota.

Mai sharar tapi:

Kai jama'a Allah shi biya ku, Hajiya na gode ƙwarai, zancen ƙugu ɗin nan ban taɓa kawo shi a raina ba, ni da a sama na so a ɗaura don hannu ya kai. Kuma maigida ka gano ni, muna gama masallacin farko nake cusa caja da zafinshi don mu samu na biyu, tun azumin bara haka nake yi.

Yau da safe na buɗe sukurorin na leƙa, ƙwayoyi 20 ne kamar yadda ka ce, kuma matatar ƙurar ma na tarar ta toshe sosai, na kakkaɓe ta. Kuɗɗin sabon inji ba su kama ba yanzu, don haka zan fara da auna wanga, in moter ɗin lafiya lau yake a yi min akwati biyu a ƙasa wajen ɗamara. Gobe bayan la'asar kana shago? Kuma cajar tawa ta 42V za ta yi ma sabbin ko ita ma sai an canza mata kai?