Kuskuren rubutu a gwanjon intanet: abin dariya mai jawo asara

Masu sana'ar gwanjo a eBay, shafin saye da sayarwa na intanet, sun yi ittifaƙi cewa kuskuren harafi ɗaya na iya karya farashin kaya. Wani ya rubuta "labtop" maimakon "laptop", wani "Playstaton" maimakon na'urar wasa ta "PlayStation", jama'a su sha dariya, amma mai kayan ne da asara. Injin bincike kalma yake bi. Idan ba ta dace ba, masu tayi kaɗan ne za su ga tallan, a sallama kayan da araha.

Shawararsu ga mai saye da ke neman irin wannan araha: ka rubuta sunan kayan a wurin bincike, ka sauke harafi ɗaya, ko ka musanya biyu da ke maƙwabtaka a madannai. Shafin FatFingers yana haɗa maka irin waɗannan kurakurai. Sai dai a kula, eBay kan gyara maka rubutu da kansa, don haka ka zaɓi ainihin abin da ka rubuta. Kuma ba kowane kuskure ne tsautsayi ba: "Adibas" yawanci jabu ne, ka duba hotuna da shaidar masu saye na baya.

Mai sayarwa kuwa, haruffa 80 gare shi a kanun talla. Ya kwafi sunan daga jikin kwali, ya sake karantawa kafin tayin farko ya shigo, domin bayansa kanun ba ya gyaruwa.