Kuɗin asusun 529 da karatun ɗan dangi na nesa: yaya kuka ƙare da haraji?

Daga Bronx: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tun ɗiyata tana goye na buɗe mata asusun 529, wato asusun ajiyar kuɗin karatu mai sauƙin haraji a Amurka, sai Allah ya sa ta samu tallafin karatu, kuɗin suna nan ajiye. Yanzu jikan kawuna zai shiga jami'a a nan New York, ina so in biya masa daga ciki. Wanda ya taɓa yi ya ba mu labari.

Daga Houston: Wa'alaikumussalam Alhaji. Ni ɗan ƙanena na biya wa. Kafin in cire kuɗin sai da na sauya sunan ɗana da nasa a asusun, ko sisi ba a karɓa na haraji ba. Hukumar haraji ta IRS daga yaron da ke kan asusun take auna zumunci, ba daga kai ba. 'Ya'yan wa da ƙane suna cikin dangin da za a iya sauya sunan zuwa gare su ba haraji, nan ne iyaka. Jikan kawunka da ɗiyarka sun wuce nan, ko da a gida ɗaya suka tashi.

Daga Harlem: Alhaji, ni na cire na biya wa wani marayan danginmu a Kumasi. Takardar 1099-Q, wadda ke nuna kuɗin da aka cire daga asusun, da sunana ta zo. Ainihin kuɗin da na zuba ba a taɓa su ba, riba ce aka haɗa da kuɗin shigata na shekara aka caji haraji, sannan tarar kashi 10 a kan ribar. Abin da ya fi yi mini nauyi shi ne jihar New York ta karɓe rangwamen harajin da ta yi mini a shekarun da nake zubawa. Yaron dai yana karatu, alhamdu lillahi, kuma gobe ma zan yi.

Daga Maryland: Hajiya, Allah ya saka da alheri. Alhaji, naka da ɗan sauƙi: tunda ɗiyarka ta samu tallafi, za ka iya cire daidai adadinsa ba tare da tarar kashi 10 ba, amma za ka biya harajin riba. Ni kuwa daga aljihu na biya wa nawa ɗan dangin, kai tsaye zuwa makarantar, don haka babu maganar harajin kyauta. Asusun na bar wa ɗana, tunda daga 2024 ana iya mayar da har dala 35,000 zuwa Roth IRA ɗinsa, wato asusun ajiyar ritaya, kaɗan-kaɗan, idan asusun ya shekara 15.

Daga Bronx: Na gode ƙwarai. Zan nemo takardar tallafin in kai wa mai yi mini lissafin haraji kafin in taɓa kuɗin.