Abin da jama'a suka ce kan yaran nan masu kiɗa da suka watse

To jama'a, maganar ta yi tsawo, bari in tattaro abin da aka faɗa kan samarin nan 'yan sakandare da suka haɗa ƙungiyar kiɗa da jita da ganga, suka fara tashe a gidajen biki, sai kuma kowa ya kama gabansa.

1. Kusan kowa ya yarda kuɗi ne ya raba su. Tun kafin a shiga situdiyo a Zoo Road ta Kano a zauna a rubuta wa ya biya, wa ya rubuta waƙar, nawa kowa zai samu in an yi liƙi, ba wai mai riƙe makirfo ya tattare komai ya cusa a aljihu ya ce wa mai ganga "sai gobe" ba, wallahi wannan ya yi min ciwo. Shafin YouTube da TikTok ma kar mutum ɗaya ya riƙe shi kaɗai.

2. A gaya wa iyaye tun farko, kar baba ya ji a majalisa.

3. A yi rajista da hukumar tace fina-finai ta jiha, ita ke kula da mawaƙa.

Inda aka rabu shi ne karatu. Wasu sun ce a jingine kiɗan sai an gama WAEC da JAMB, wasu sun ce tashe ba ya jira, a dinga yi Asabar da Lahadi. Ni ina bayan na biyun.

Batun sulhu ma haka, wasu na so a samu babba ya sasanta su, wasu sun ce ai ko mawaƙan ƙungiyar Beatles na Ingila sun rabu a 1970 kuma kowa ya ci gaba da waƙarsa, a ƙyale su kawai, amma jitar da suka saya da karo-karo a sayar a raba kuɗin.